Tsuntsun da Anselme Ya Bi

Ni na fara ganinsa. A rubuta wannan a sama, kafin ma a rubuta sunana. Duk tsibiran nan namu, daga Mahe har ƙarshen kudu inda kunkuru ya fi mutum yawa, babu mahaluƙin da ya riga Florimond Radegonde ɗora ido a kan tsuntsun nan mai kambi. Ban taɓa zama a aji ba, ko bihim ban sani ba, amma idanun nan nawa sun yi shekara tamanin da uku suna karanta sama, kuma ba su taɓa yi mini ƙarya ba.

A watan jiya Malama Solange ta zo gidana, ita ce mai yi wa masu ƙidayar tsuntsaye aiki. Ta zo da wani littafi mai kaurin bulo, ta buɗe shi a kan cinyarta. A gaba akwai tsuntsayen da ke yin ƙwai a wurinmu, a tsakiya masu zuwa kowace shekara su koma, a can baya kuma baƙin da iska ta jefo, kowanne da shekarar da aka gan shi da sunan wanda ya gani. Tana juya shafi ina gyangyaɗi, sai na dafe mata hannu.

"Tsaya, 'yata. Wannan."

"Alhudahuda ke nan, Kawu Flori. Ba namu ba ne, ba a cika ganinsa ba. Wani Bature ne ya fara ɗaukar hotonsa a nan, ga sunansa, ga shekarar."

Ta karanta mini shekarar. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

"A shekarar nan ai na fara furfura! Baturen naki yana tsumman goyo na ga tsuntsun nan, kusa da ni kamar yadda kike zaune."

Ta ɗauko alƙalami. "Kana da shaida, Kawu?"

Na ce ta ajiye alƙalamin tukuna, ta buɗe kunne.

Ina da shekara ashirin da biyu a lokacin, muna aikin kwakwa da kifin gishiri a tsibirin Marie-Louise. Iskar kudu ta zo ƙarshe, ta arewa ba ta kankama ba, lokacin da teku ke lumshe ido kamar magen da ke dakon ɓera. Muka fita su da kwalekwale biyu zuwa bakin zurfi, inda ruwa ke barin kore ya koma shuɗi mai duhu. A babban kwalekwalen akwai yayana Anselme da ƙanin matarsa, Théogène. A ƙaramin, ni da Evariste, wani dattijo mai haƙori uku da addu'a dubu.

Kifi ya ci ƙugiya a ranar har muka manta da duban sama. Kafin mu ankara hadari ya taso baƙi ƙirin, ya haɗiye tsibirin. Igiyar dutsen da muka kafe kwalekwale da shi ta tsinke. A cikin ruwan nan mai dukan fuska kamar tsakuwa na ji muryar Anselme, sai ga igiya ta faɗo a ƙafata.

"Ɗaura, Flori! In mutuwa za mu yi mu mutu wuri ɗaya, kada Inna ta yi makoki sau biyu!"

Na ɗaura, ƙullin ya ƙi zama. Ya janyo mu kusa, ya miƙo dogon hannun nan nasa ya ɗaure da kansa a hancin kwalekwalenmu.

Kwana biyu iska tana wasa da mu. Ta faro daga kudu, ta juya yamma, ta koma arewa, ta sake dawowa, har ba wanda zai iya rantsuwa ta wane gefen tsibirin muka wuce. Tsibirinmu kuwa ba shi da tudu, tsayinsa tsayin bishiyar kwakwa ne, in ka yi nisan tuƙin rabin yini teku ta shanye shi. A rana ta uku iskar ta mutu murus.

Duk wanda ya ce maka hadari ne abin tsoro a teku, bai taɓa ɓata ba. A cikin hadari hannunka na aiki, ba ka da sukunin tunani. Shirun da ke biyo baya shi ne abin. Ruwa ya kwanta kamar an zuba mai, sama da ƙasa suka zama abu guda, babu gabas babu yamma sai rana a tsakar ka. Anselme ya ɗauko katantanwar teku da muke busawa in mun dawo da kifi, ya busa sau uku. Sautin ya tafi, bai dawo da komai ba. Ruwan shanmu gora ɗaya da rabi, da kwakwa huɗu. Kifin da muka kama ya fara wari, muka zubar, wannan zubarwar ce ta kira mana baƙo. Inuwar wani kifi mai cin mutum ta zo ta tsaya ƙarƙashinmu, ta fi kwalekwalena tsawo. Ba ta taɓa mu ba. In muka motsa ta motsa, in muka tsaya ta tsaya. Evariste ya daina leƙa ruwa, ya naɗe ƙafafunsa kamar mace a coci, yana ta jan carbinsa yana kiran Uwa Maryamu da harshen da ya kumbura.

Ni ban ji tsoro ba. Gwiwoyina ne kawai suke karo da juna, saboda yunwa.

Da rana ta ɗan karkata kowa ya kwanta. Anselme ya rufe fuska da malafarsa, Théogène ya shige ƙarƙashin ƙyallen jirgi, Evariste ya yi barci da carbi a baki. Ni kaɗai ke zaune, domin tun ina yaro idona ba ya hutawa. Sai na hango wani ɗigo can ƙasa-ƙasa a kan ruwa, yana tashi yana faɗuwa kamar malam-buɗe-littafi. Duk tsuntsayen teku na san tafiyarsu, kowace kakar ƙwai ni ake fara ɗauka zuwa tsibirin tsuntsaye, amma ban taɓa ganin mai irin wannan tafiyar ba. Ya matso. Fikafikansa zane-zane ne, fari da baƙi, ƙirjinsa launin ƙasar tukwane, bakinsa dogo siriri mai ɗan lanƙwasa. Ya sauka a gindin babban kwalekwalen, daidai bayan kan Anselme. Yana sauka sai ya buɗe wani kambi a kansa kamar mafici, ya sake rufewa.

Ba wanda ya gan shi. Da zai huta ya tashi, da ba wanda zai san ya zo.

"Yaya!" na ƙwala. "Yaya, tashi ka ga abu! Ni na gan shi, ni na fara gani!"

Anselme ya zare malafa a hankali, ya waiga. Ya daɗe yana kallonsa. Sai na ga leɓɓansa da suka tsage sun buɗe da murmushi, har jini ya tsattsafo.

"Na san shi," in ji shi. Anselme ya yi shekara biyu yana aiki a jirgin kaya mai zuwa Mombasa, kuma bai taɓa barin mu manta da haka ba. "Na rantse na san shi. A bayan gidaje yake yawo yana tonon tsutsa. Ba ya iyo, ba ya cin kifi, ko jiƙa ƙafa ba ya yi. Théogène, tashi, ragon banza! Tsuntsun tudu ne. Mai tonon ƙasa ba ya nisa da ƙasa. Duk inda ya nufa, can gida yake."

Evariste ya farka ya yi alamar gicciye. "Da kambi a kansa! Aiko shi aka yi."

Na ja igiya har kwalekwalen biyu suka haɗa kafaɗa. Tsuntsun bai gudu ba. Na miƙa hannu, ya bari na taɓa shi, abin da tsuntsu mai lafiya ba zai yi ba. Ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar bakin wuƙa. Bakinsa a buɗe, yana haki irin namu. Na ɗiga masa ruwa a tafin hannuna, ya shanye, ya tsaya yana kallon hannun.

"Yaya, wannan ba daga gida ya fito ba. Duba ƙirjinsa. Wanda ya karya kumallo a ƙasa yau da safe ba ya zama haka. Ɓatacce ne irinmu."

Théogène ya tuntsire da dariya, muryarsa kamar an goga ƙarfe. "Jama'a ku zo ku ji, mai tsintar ƙwai ya zama likitan tsuntsaye!"

"Na tsinci ƙwai dai na san masu ƙwan. Kai me ka sani ban da gindin bishiyar bammi?"

"Ku yi mini shiru," in ji Anselme. "To malam, me kake so mu yi?"

"Mu jira golan."

Kowa a tsibirin ya san golan, farin tsuntsun nan mai baƙin ido da ke ajiye ƙwansa guda a kan reshe ba tare da sheƙa ba. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, ni na lura: in yamma ta yi ka ga golan da ƙananan kifaye jere a bakinsa, ɗansa zai kai wa, kuma ba ya ratse. Ba kamar golet ba, baƙin nan da ke kwana a sama, wanda in ka bi shi sai ya kai ka lahira.

"Kwana uku muna nan," in ji Anselme. "Golan nawa ka gani?"

"Hadari ne ya hana su fita."

"Nawa ka gani, Flori?"

"Ko ɗaya."

"To. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau kwakwa ba zai hango ba."

"Yaya, baƙo ko da idonsa makaho ne. Wannan bai san tekun nan ba."

A daidai lokacin tsuntsun ya girgije jiki, ya buɗe kambinsa, ya tashi. Ya kewaya mu sau ɗaya, ya miƙe yamma, yana tashi yana faɗuwa, inda rana za ta faɗi.

"Filafili!" in ji Anselme.

Muka bi shi. Ni ma na tuƙa, yaya ai yaya ne. Inuwar nan ta ƙasa ita ma ta juya ta biyo mu. Mun yi tuƙi har rana ta sauko ta fara shiga ido, tsuntsun ya daɗe da ɓacewa, hanyarsa kawai muke riƙe da ita. Ina ɗaga kai in share gumi, sai ga shi: fari fat, shi kaɗai, can sama. Ya taho daga gabanmu, ya wuce ta kanmu, kifaye uku na ƙyalli a bakinsa, ya nufi inda muka juya wa baya.

"Golan! Yaya, golan da kifi! Gabas ya yi!"

Anselme ya bi shi da kallo. "Guda ɗaya."

"Naka ma ai guda ɗaya ne!"

Na juya hancin kwalekwalena. Su suna ja yamma, ni ina ja gabas. Igiyar ta fito daga ruwa ta miƙe gal, tana ɗiga. Muka tsaya cak a tsakiyar teku, maza huɗu, ƙarfinmu na ƙarewa a banza, abin nan na ƙasa yana kewaya mu.

Anselme ne ya fara ajiye filafili. Ya janyo mu kusa. Na zaci mari zan sha, amma sai ya ɗauko gorar ruwa ya raba daidai, ya miƙo mana kwakwa biyu.

"Taurin kan nan na Baba ka gada," ya ce. "Evariste, in kana son rai tsallako nan."

Evariste ya dubi tazarar da ke tsakanin kwalekwalen biyu, ba ta fi kamu ɗaya ba. Ya dubi inuwar. Ya koma ya zauna.

"Flori, kada ka ɗauka kai na zaɓa. Tsallakawar ce ba zan iya ba."

"Wanda ya riga isa ya turo a nemo ɗan'uwansa," in ji Anselme. Ya ɗaga katantanwar. "Zan riƙa busawa. In hankali ya dawo maka, ka biyo sautin."

"To kwance mu, Yaya."

"Ni na ɗaura, ba kuwa zan kwance ba. In kana da zuciyar yi, yi da hannunka."

Ƙullin ya sha ruwan gishiri, ya zama kamar dutse. Na gwada da farce, na gwada da haƙori. Suna kallona. Daga ƙarshe na ɗauko wuƙar fiɗar kifi.

Na yanke, ba ta yi ƙara ba. Igiyar ta faɗa ruwa, Théogène ya naɗe ta. Anselme ya mayar da malafarsa, bai sake waiwayowa ba.

Mun ji busar farko kamar a cikin kunnenmu. Ta biyu ta zo da sanyi. Golan ɗin kuwa tuni ya narke a sama, ba ni da komai a gabana sai ruwa, ba ni da komai a bayana sai rana da sautin nan da ke ƙanƙancewa. A nan ne shakka ta kama ni. In golan ɗin wani tsibiri zai je, mai nisan da fiffike ke kaiwa amma filafili ba ya kaiwa fa? In Anselme ne da gaskiya fa, ga ƙasa can bayan rana, ni kuma na ja tsohon mutane zuwa inda ba komai? Inuwar ta zaɓe mu, mu ta biyo. Evariste na ja yana kuka ba hawaye.

"Ka kashe ni, ɗan banza. Yaro da yayansa, ka yanke igiya! Juya mu, har yanzu ana jin su."

Ana jin su kuwa. Siriri, kamar kukan sauro. Na tsayar da filafili, kuma sai da na fara karkata hancin kwalekwalen, wannan ban taɓa gaya wa kowa ba. Sai ga golan biyu sun wuce ta kanmu, bakinsu cike. Bayansu wasu uku. Duk gabas.

Na miƙe tsaye na ɗaga murya iyakar ƙarfina, ina kiran Yaya, ina kaɗa riga. Babban kwalekwalen ya zama ɗigo a cikin jan rana. Busar ta sake zuwa sau ɗaya. Bayanta na ci gaba da jin ta, amma ban san ko katantanwa ba ce ko kunnena.

Muka kwana muna ja. Da gari ya waye golan suka fara fitowa kiwo, sai na sa hanci inda suke fitowa, domin da safe gaba ake yi da su, da yamma a bi bayansu. Wannan ma ba wanda ya koya mini. Rana na tsaka muka hango hayaƙi: mata ne ke ƙona ɓawon kwakwa a bakin gaɓa tun ranar da muka ɓata. Ni na kawo kwalekwalen nan gida, da tafin hannu babu fata, da tsoho sume a ƙafata. A tambayi duk wanda ya san teku ko akwai wani da zai iya.

An tura jirgi yamma, ya yi kwana biyar yana nema. Ko filafili bai samo ba. Inna ta yi makoki sau ɗaya.

Ranar da jirgin ya dawo, Philomène matar Anselme ta same ni a rumfar gishiri. Miji da ƙani ta rasa a rana guda. Ba ta yi kuka ba, ta riga ta ji labarin tsuntsun a bakin Evariste.

"Flori, sun ce barci yake yi lokacin da abin ya sauka."

"Haka ne."

"To wa ya nuna masa?"

Evariste na zaune a gefe. Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Shi ya farka ya gani da kansa," na ce.

Ta daɗe tana dubana, sannan ta tafi. Shekara sittin muna gaisawa, na yi mata rufin ɗaki sau huɗu, ba ta ƙara tambaya ba. Evariste ya tafi da maganar kabari. Philomène kuma bara aka binne ta.

Da na kai nan, Malama Solange ta rufe littafin. Ta ciro taswira ta shimfiɗa, ta ɗora yatsa a kan Marie-Louise, ta ja shi yamma. Yatsan ya yi ta tafiya a kan shuɗi, ya yi ta tafiya, sai da ya kusa fita daga takardar ya taɓa ƙasa.

"Na sani," na ce. "Shi tsuntsun fa? Zai kai?"

"Wataƙila, Kawu. Wasunsu suna kaiwa."

Na shiga ɗaki na ɗauko mata guntun igiyar, da ƙullin Anselme a jiki, har yau bai kwance ba. Ta juya shi a hannunta, ta ce cikin ladabi igiya ba shaidar tsuntsu ba ce. Dokar masu littafin sai da hoto, ko gashin tsuntsun, ko mutum na biyu da ya gani.

Mutum na biyu! Na biyu da na uku ai suna can inda tsuntsun ya kai su, su je su tambaye su.

Maƙwabta na cewa in iskar yamma ta taso da la'asar nakan rufe taga. Ƙarya ne, ba don wani sauti nake rufewa ba, ƙirjina ne ba ya son sanyi. Mutumin da kifi mai cin mutum ya raka kwana biyu bai ci ba, iska ce za ta ba shi tsoro?

Su bar sunan Baturensu in sun ga dama. Amma ni na fara ganinsa, ni na ɗaga murya, ni na nuna, kuma ina so a rubuta haka da baƙin tawada inda ba ya gogewa. Wanda duk ya ce ƙarya nake, kwalekwalen jikana na nan a ɗaure. Ya zo mu fita, ni da shi, gora ɗaya. In tsibiri ya nutse a bayanmu sai mu kashe inji, mu jira. Tsuntsaye za su zo, ni kuwa bakina ƙanin ƙafata, ko yatsa ba zan ɗaga ba. Shi ya zaɓi wanda za mu bi.